Filin Amsa Tambayoyinku: Aikin Hannu Mai Siffar Zuciya Domin Yara

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon a kan abu ɗaya suke magana, wato aikin hannu mai siffar zuciya da ake sa yara su yi idan 14 ga Fabrairu ta matso, ranar da ake kira Ranar Masoya. Mun zaɓi guda shida, mun taƙaita su ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba, kuma kamar yadda muka saba ba mu buga sunan kowa ba.

Tambaya: Ni malama ce a ajin 'yan shekara huɗu zuwa shida. Bara da aka ce mu yi wa iyaye katuna masu zuciya, ni na kwana ina yanka zukatan da hannuna, da safe yara suka shafa gam suka manna. Katunan sun yi kyau, amma duk iri ɗaya ne, kuma kafin minti goma yaran sun watse sun koma wasa. Bana me zan yi, ga shi kayan aikinmu ba su da yawa?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, kuma kin riga kin gano inda matsalar take tun kafin ki rubuto mana. Yaran sun watse ne saboda aikin ya ƙare a hannunki tun da dare, abin da ya rage musu bai wuce shafa gam ba. Bana ki mayar musu da almakashi, ki yarda zukatan su fito a karkace, domin uwar da za a miƙa wa katin tana gane hannun ɗanta, kuma karkatar nan ita ce shaidar cewa shi ya yi.

Dabarar farko da za ki koya musu ita ce ninki. Zuciyar da ake zanawa tana da ɓari biyu masu kama da juna sak, saboda haka ba a bukatar yaro ya iya zana ta gaba ɗaya. Ya ninka takarda biyu, ya danne ninkin da farce, sannan ya fara zane daga jikin ninkin, ya hau sama ya lanƙwaso kamar kunne, ya gangaro ya sake haɗuwa da ninkin a ƙasa. Idan ya yanke a kan layin ya buɗe, zuciya ce cikakkiya za ta fito. Kuskuren da kusan kowane yaro yake yi a karon farko shi ne ya yi zanen a gefen da takardar take a buɗe, sai ya tashi da ɓari biyu a rabe. Kada ki hana shi yin wannan kuskuren. Ki bar shi ya ga ɓarin biyu a hannunsa, ki tambaye shi me ya raba su, za ki ga a karo na biyu da kansa yake laluben ninkin. A nan kin koyar da darasin lissafi na daidaiton ɓangarori ba tare da kin ambaci sunansa ba. Kuma kada a zubar da takardar da aka yanke zuciyar daga cikinta, domin ramin da ya rage shi ma siffar zuciya ne, ana ɗora shi a kan wata takardar a dangwala fenti da soso a ciki, a ɗaga, hoto ya fito.

Sai dai ki lura cewa ajinki ba matsayi ɗaya ba ne. Yawancin yara suna fara datsa bakin takarda da almakashi wajen shekara biyu da rabi zuwa uku, su iya bin miƙaƙƙen layi kusan shekara huɗu, amma bin lanƙwasa yakan kai shekara biyar kafin ya zauna a hannu. Saboda haka 'yan shekara shida za su yanka zuciyarsu ba wahala, 'yan shekara huɗu kuwa ki zana musu layin da kauri, ki sa zuciyar ta zama babba kamar tafin hannunki, domin ƙaramar zuciya ta fi babba wuyar yankawa. Wanda hannunsa bai kai ba, ki ba shi takardu masu launi ya yayyaga da yatsu, ya cika cikin zuciyar da kika zana masa da gutsattsarin. Yagar takarda ma motsa yatsu ce, kuma irin wannan katin yakan fi na almakashi kyau.

Ga waɗanda ba za su riƙe almakashi ba sam, akwai hatimi. Ki tara kwalayen nan masu zagaye da ke tsakiyar naɗin tishu, ki matse gefe ɗaya ya yi tsini, ki lotsa ɗaya gefen zuwa ciki, ki ɗaure da ɗan salatif don kada ya buɗe. Bakin kwalin ya zama zuciya ke nan. Yaro zai tsoma shi a fenti ya riƙa bugawa a takarda, kuma na ga yaran da suka yi rabin sa'a a kan wannan kaɗai ba su ɗaga kai ba. Haka nan babban yatsa: a dangwala shi a jan fenti, a buga sau ɗaya a karkace zuwa dama, a sake bugawa a karkace zuwa hagu yadda ƙasansu zai haɗu, sai ga 'yar ƙaramar zuciya mai ɗauke da zanen yatsan yaron, wanda babu mai irinsa a duniya. Idan an rubuta kwanan wata da shekarar yaron a ƙasa, iyaye da yawa sukan adana irin wannan katin har yaron ya girma. Game da fenti kuma, ba sai kin nemi launuka da yawa ba. Ja da fari sun isa, ki bar yaran su riƙa ƙara fari a cikin ja kaɗan-kaɗan su ga yadda ruwan hoda yake fitowa, wani mai duhu, wani mai haske.

Wanda na fi so a cikinsu duka shi ne saƙon ɓoye. A ba yaro guntun farin kyandir ya zana zuciya a kan farar takarda, yana dannawa sosai. Ba za a ga komai ba. Sai ya shafa fentin da aka tsinka da ruwa a kai, kakin ya ƙi shan ruwan, zanen ya bayyana fari fat a tsakiyar launi. Ki gwada a gabansu sau ɗaya ba tare da kin yi bayani ba, ki ji irin sowar da za su yi.

Shawara ta ƙarshe a gare ki ita ce kada ki haɗa ayyukan nan duka a rana ɗaya. Ki zaɓi biyu, ki shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebur, ki sa kowane yaro ya rubuta sunansa ko alamarsa a bayan takardarsa tun kafin fenti ya taɓa ta, in ba haka ba rigimar wannan nawa ne za ta cinye miki sauran lokacin.

Tambaya: 'Yata mai shekara bakwai ta dawo daga makaranta tana cewa za su yi katin Ranar Masoya. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ina asalin wannan rana, kuma me ya haɗa ta da ƙananan yara?

Amsa: Malam, tambayarka a kan hanya take, kuma uban da ya binciki abin da ake koya wa 'yarsa ya yi abin da ya dace. Asalin ranar ta addinin Kirista ce, ta tunawa da wani waliyyinsu mai suna Valentine wanda aka kashe a birnin Rum a ƙarni na 3, kuma ana danganta sanya ta a kalandar coci ga Fafaroma Gelasius na ɗaya a shekarar 496. Haɗa ta da soyayyar namiji da mace ya zo ne daga baya, a ƙarni na 14 da na 15, a Ingila da Faransa. Katuna kuwa sun bazu ne a ƙarni na 19, bayan da buga takardu da aika wasiƙu suka yi sauƙi. A Amurka wata mata mai suna Esther Howland, a garin Worcester na jihar Massachusetts, ta yi suna wajen haɗa irin waɗannan katuna tun ƙarshen shekarun 1840.

Ba ko'ina ba ne ake ɗaukar ranar da ma'ana ɗaya. A ƙasar Finland da Estoniya sunanta Ranar Abokai, a Meziko ana kiranta ranar ƙauna da abota, a Burazil kuma tasu ranar masoyan 12 ga Yuni ce. A makarantun firamare na Amurka da Kanada, abin da yara suke yi shi ne musayar katuna da 'yan ajinsu da yi wa iyaye da malamai kyauta.

Akwai iyalai da yawa da ba sa raya wannan rana saboda addini ko tarbiyya, kuma wannan hukunci ne da yake hannunka, ba hannun makaranta ko na wannan filin ba. Ka je ka ga malamar cikin mutunci, ka ji wa za a yi wa katin da abin da za a rubuta a ciki. Idan ka ga ba ka so, ka faɗa mata tun da wuri domin ta ba yarinyar wani aikin ba tare da an ware ta a gaban 'yan'uwanta ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, yanka takarda da rubuta wa uwa ko kaka kalmar godiya ba su rataya a kan 14 ga Fabrairu ba. Kana iya zama da ita a duk ranar da ka ga dama ku yi wannan aikin tare.

Tambaya: Yarana biyu, mai shekara tara da mai goma sha ɗaya, sun ce manna zuciya a kati aikin jarirai ne. Akwai abin da ya fi wannan ƙalubale?

Amsa: Hajiya, suna da gaskiya, kuma maganinsu saƙaƙƙiyar zuciya. Wannan aiki sananne ne a ƙasar Denmak tun ƙarni na 19, inda suke rataya ta a lokacin Kirsimeti, kuma saƙar takarda tana cikin ayyukan da Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar renon yara mai suna Kindergarten a shekarar 1840, ya ɗauka da muhimmanci wajen horar da hannu da ido.

Ga yadda ake yi. A samo takarda launi biyu, misali ja da fara, mai ɗan ƙwari amma ba kwali ba. A yanko daga kowace ɗaya yanki mai faɗin santimita 6 da tsawon santimita 18, a ninka shi biyu ta tsawon, ya koma 6 da 9. Gefen da bakunan takardar suke a buɗe, a zagaye shi da almakashi ya zama rabin da'ira. Daga wajen ninkin kuma a tsaga sau biyu, da tazarar santimita 2 a tsakani, yadda za a samu yatsu uku masu faɗi ɗaya. Tsawon kowace tsaga ya ɗara santimita 6 da ɗan kaɗan, kuma wannan ɗan ƙarin shi ne sirrin aikin, domin idan tsagar ta gaza, yatsa na ƙarshe ba zai samu wurin shiga ba, takardar ta tattare ko ta yage.

Wajen saƙar ne ake samun ruɗani. Ba saƙar sama da ƙasa ba ce irin ta tabarma, shiga da haɗiyewa ce. Kowane yatsa ninki biyu ne, yana iya buɗewa kamar zobe. Yatsa na farko na jar takarda zai shiga cikin na farko na farar, sannan ya buɗe ya haɗiye na biyu, sannan ya sake shiga cikin na uku. Yatsa na biyu ya yi akasin haka, wato ya fara da haɗiyewa, na uku kuma ya maimaita irin na farko. Idan an yi daidai, zuciyar za ta buɗe ta sama kamar ɗan kwando, a manna mata mariƙi, a saka wasiƙa a ciki. Idan ta ƙi buɗewa, to a wani wuri an bi ta sama maimakon ta ciki, sai a warware a sake. Na farko kusan kullum yakan lalace, saboda haka ki sa su fara gwadawa da tsohuwar takarda. Da zarar hannunsu ya faɗa, su da kansu za su ƙara yawan yatsun zuwa huɗu ko biyar, ko su yi tsagar a lanƙwashe su ga irin adon da zai fito.

Idan sun gaji da wannan, akwai sarƙar zukata. A yanka falle ɗaya na takardar A4 ta faɗinsa, yanki-yanki masu faɗin santimita 2, kowane zai zama tsawon santimita 21. A ninka yanki ɗaya gida biyu ya yi tsini a ƙasa, a lanƙwaso bakunansa biyu zuwa ciki su haɗu, a manne su, zuciya ta fito. Kafin a rufe ta biyu sai a zura ta cikin ta farko, haka har sarƙar ta isa a rataya a bakin taga. Mai shekara goma sha ɗaya kuma ya isa riƙe allura: ya yanka ƙyalle biyu a siffar zuciya, ya ɗinke gefe, ya bar 'yar kafa ya cusa auduga, ya rufe. Namiji ne ko mace, ɗinkin hannu abu ne da zai yi masa amfani har tsufa.

Tambaya: Ƙaramin ɗana shekararsa biyu, kuma duk abin da yayyensa suke yi sai ya sa hannu. Ina tsoron kada ya haɗiye wani abu.

Amsa: Uwar yara, tsoronki yana da dalili, kuma a wannan wurin ba na sassautawa. Yaron da bai kai shekara uku ba da baki yake binciken duniya, saboda haka maɓallai, duwatsun ado, idanun roba da ake manna wa 'yar tsana, murfin biro da fasassun balan-balan duk ba su da wuri a teburin da yake zaune. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka tana gwada kayan wasan ƙananan yara da wani ɗan bututu mai faɗin kusan santimita 3.2, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukarsa mai iya shaƙe yaro. A gida ana iya amfani da kwalin tsakiyar tishu, wanda ya ɗan fi wancan faɗi, abin da ya wuce ta cikinsa a ɗauke shi daga gaban yaron.

Abubuwa biyu sun fi sauran haɗari. Na farko ƙaramin batir mai kama da kwabo, irin wanda ake samu a katuna masu kiɗa ko masu fitila, domin idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona nama cikin sa'o'i biyu kacal. Na biyu ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi, waɗanda idan aka haɗiye fiye da ɗaya suke janyo juna ta jikin hanji har su huda shi. Idan kika yi zargin ya haɗiye ɗaya daga cikinsu, asibiti za a nufa nan take, ba a jiran alama. Gam kuma ki tsaya a kan fari mai wankuwa da ruwa, ki nisanta shi daga gam mai kamawa nan take, wanda yake manne fata da fatar ido. Garin ƙyalƙyali ma ki haƙura da shi, yana shiga ido, kuma galibinsa ɓarɓashin roba ne da ba ya ruɓewa, abin da ya sa Tarayyar Turai ta fara hana sayar da irinsa na roba tun watan Oktoba na 2023.

Wannan ba yana nufin a kore shi daga wurin ba. Ki zaunar da shi a gefenki da babbar takarda, ki shafa masa fenti na yara mai wankuwa a tafin hannu, ki buga hannun dama da na hagu a karkace yadda gindin tafukan zai haɗu a ƙasa. Zuciyarsa ke nan, kuma zai nuna wa duk wanda ya shigo.

Tambaya: Mun yi zukata da ƙullun fulawa da gishiri, amma wasu sun kumbura, wasu sun tsattsage, sauran kuma sun yi laushi bayan mako guda.

Amsa: Malama, ma'aunin da aka saba shi ne kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri mai laushi, da ruwa kusan kofi ɗaya da ake zubawa kaɗan-kaɗan. Kumburi yana zuwa ne daga fulawa mai haɗe da sinadarin tashi ko daga wuta mai yawa, tsagewa kuma daga kauri da bushewar gaggawa. Ki murza ƙullun ya yi kaurin rabin santimita, ki huda wurin zare tun yana ɗanye, ki busar da shi a wuta kaɗan, kamar digiri 100 na ma'aunin Salsiyos, tsawon sa'a biyu zuwa uku, kina juya shi. Laushin da kika gani daga baya aikin gishiri ne, yana janyo danshi daga iska, saboda haka bayan fenti ya bushe ki shafe shi da farin gam ko vanish, wato man da ake shafa wa katako ya yi sheƙi, ta kowane gefe. Kada a bar ƙaramin yaro ko dabbar gida su ci, gishirin da ke ciki ya isa ya cutar da su.

Tambaya: A ajina akwai yaron da mahaifiyarsa ta rasu watanni kaɗan da suka wuce. Ina jin nauyin in ce kowa ya yi wa mamarsa kati.

Amsa: Malam, Allah ya ji ƙanta, kai kuma ya saka maka da alheri da ka tuna da shi kafin ranar ta zo. Ka canza umarnin ga ajin gaba ɗaya, ba ga shi kaɗai ba. Ka ce kowa ya tuna da mutum ɗaya da yake kula da shi, ya yi masa kati, sannan ka jero misalai da bakinka: uwa, uba, kaka, gwaggo, yaya, maƙwabci, aboki. Ta haka babu wanda zai zama abin kallo, domin a kowane aji akwai yaran da ba a hannun iyayensu suke ba, ko da ba ka san labarinsu ba.

Ka sanar da wanda yake riƙe da yaron tun kafin ranar, domin kada katin ya iske gidan ba shiri. Idan yaron ya ce shi mahaifiyarsa zai yi wa, kada ka karkatar da shi zuwa wani, ka ba shi takarda kamar kowa, ka taimaka masa da rubutu idan ya nema, ka rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi ba tare da ka gyara masa ba. Idan kuma ya ajiye almakashi ya yi shiru, ka bar shi, ka ba shi wani ɗan aiki kusa da kai, kamar raba takardu ko wanke soso.

Idan za a yi musayar katuna tsakanin 'yan ajin, kada ka bar zaɓi a hannunsu, domin wasu za su tashi da goma, wasu ko ɗaya. A makarantun Amurka da yawa ƙa'idar ita ce wanda zai kawo kati ya kawo wa kowa. Hanya mafi sauƙi a gare ka ita ce ka rubuta sunayensu a 'yan takardu, ka zuba a kwali, kowa ya zaro ɗaya, ya yi wa mai sunan kati, ya rubuta abu ɗaya na kirki da ya taɓa gani daga gare shi. Ka duba katunan kafin a miƙa su, kuma ka yi guda biyu ko uku da hannunka ka ajiye a aljihun tebur, saboda yaron da wanda ya zaro sunansa bai zo makaranta ba a ranar.